Martani: Wa Ya Fitar Da Sawako Daga Kaɗaici?

Na karanta maƙalar da wani Malami marubuci ya fitar kwanan baya a kan littattafan labari cikin zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira manga, musamman masu ba da labarin soyayyar 'yan sakandare. Hukuncin da ya yanke shi ne duk kanwar ja ce. A ɗauko yarinya mai kunya wadda ba ta da kowa, a haɗa ta da yaron da makaranta gaba ɗaya take rububi, ya miƙa mata hannu, shi ke nan ta zama mutum. A ganinsa wannan mafarki ne ake sayar wa 'yan mata, yana koya musu su naɗe hannu su jira mai ceto. Ya kuma kafa hujja da karin maganar nan da ke cewa sai hali ya zo ɗaya ake abota, don ya nuna cewa haɗa mutum biyu da halinsu ya yi hannun riga ƙarya ce tun daga tushe. Littafin da ya fi jingina da shi kuwa shi ne Kimi ni Todoke na Karuho Shiina.

Da wani littafin ya ɗauko, da ban ce uffan ba, domin akwai waɗanda zargin ya hau kansu daidai wa daida. A Itazura na Kiss na Kaoru Tada, wanda ya fara fita a 1990, Kotoko ta miƙa wa Naoki Irie wasiƙa ya ƙi ko karɓa, ta ci gaba da bin sa shekara da shekaru yana yarfa ta, har da ya zaɓi aikin likita ita ma ta koma karatun jinya don ta kasance kusa da shi. A Hana Yori Dango na Yoko Kamio, wanda ya fara a 1992, Koriya ta Kudu kuma ta mayar da shi fim mai dogon zango a 2009, ɗan masu kuɗin da ya sa ɗalibai suka taru suna cin zalin Tsukushi, jarumar labarin, shi ne ya zama masoyinta daga baya. Waɗannan biyu ni ma ina da ja a kansu, wataƙila ma fiye da Malam. Amma a yi wa Kimi ni Todoke kuɗin goro da su, an zalunci littafin, an kuma rufe wa mai karatu ido daga abin da ya sa ya yi fice.

Shiina 'yar tsibirin Hokkaido ce, a can arewacin Japan, kuma a can ta ajiye labarinta, a wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi. Ta yi ta fitar da shi wata-wata a mujallar Bessatsu Margaret ta kamfanin Shueisha, mujallar da ta buga Itazura na Kiss a baya, daga 2005 har zuwa 2017, aka tattara shi cikin littafi 30. Ya ci lambar yabo ta Kodansha a ɓangaren littattafan 'yan mata a 2008. Kamfanin Production I.G ya mayar da shi katun a 2009 da 2011, sannan kashi na uku ya fito a Netflix a 2024. Wanda ya saba karatun ajami ba zai sha wahalar shafukansa ba, don daga dama ake farawa zuwa hagu. Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne tsawon aikin: shekara 12 matar nan ta yi tana zana shekara 3 kacal na rayuwar makaranta. Duk wanda ya tsaya a littafin farko zai ga abin da Malam ya gani, yaro mai fara'a yana yi wa yarinya mai kaɗaici murmushi. Sauran littattafan 29 kuwa wani abu suke yi daban.

Sawako Kuronuma yarinya ce 'yar shekara 15, fara sol, mai dogon baƙin gashi da ke zubo mata a fuska. Tun tana firamare wata 'yar ajinsu ta yi kuskuren kiran ta Sadako, sunan fatalwar da ke fim ɗin ban tsoro na Ring, wanda Hideo Nakata ya shirya a 1998, wadda take rarrafowa daga cikin rijiya gashi ya rufe mata fuska. Sunan ya bi ta. Kafin ta shiga babbar sakandare, an riga an yarda cewa tana ganin fatalwa, kuma wai duk wanda ya haɗa ido da ita fiye da daƙiƙa 3 masifa za ta same shi. In ta ce ina kwana, sai a ba ta haƙuri a gudu. In ta yi ƙoƙarin murmushi, fuskar sai ta ɗaure saboda tsoro, abin ya ƙara zama abin firgita. Mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ita fuskarta ƙarya take yi mata. A ciki kuwa yarinya ce da ta ɗaukar wa kanta alkawarin yin aikin alheri ɗaya kowace rana. Ita ke ba furannin makaranta ruwa, ita ke karɓar aikin da kowa ya ƙi, har baƙin ciki take yi wai ta kasa ganin fatalwar da 'yan ajinsu suke sa ran tana gani.

Kafin a fahimci nauyin wannan, sai an san yadda aji yake a Japan. Shekarar karatu a watan Afrilu take farawa. Ɗaliban aji ɗaya suna zama a ɗaki ɗaya kusan duk yini, malamai ne suke zuwa suna tafiya. A ɗakin suke cin abincin rana, su suke share shi da hannunsu, tare suke shirya bikin al'adu na makaranta da ranar wasanni. Wanda aji ya juya wa baya ba shi da wata mafaka har shekara ta ƙare. Kuma cin zalin da ake yi a makarantunsu, wanda suke kira ijime, ba kullum da duka ake yin sa ba. Sau da yawa shiru ne: a taru a daina yi maka magana, a daina kallon ka, a wuce ka kamar ba ka wurin. Masu karatun da Shiina take rubuta wa sun san wannan shiru, wasu an yi musu, wasu da su aka yi.

To me Shota Kazehaya, yaro mai farin jini a ajinsu, ya yi? Ya gaishe ta da sunanta na gaskiya. Ranar farko ta makaranta ya ɓata hanya, ita ta nuna masa, bai manta ba. Da aji ya shirya wasan gwajin jarumta na dare, irin wanda matasan Japan kan yi lokacin zafi, ana bi ta cikin duhu wani yana ɓoye yana tsorata mutane, Sawako ce da kanta ta je ta ce za ta zama fatalwar, don a karon farko wani abu da take da shi zai amfani ajin. Kazehaya ya same ta a maɓoyarta ya zauna suka yi hira. Washegari 'yan aji suka yanke masa tara wai sai ya yi sati ɗaya yana fita da Sadako. Ya ɓata rai ya ce wannan cin mutuncinta ne. Aka fara yi masa tsiya wai ko son ta yake yi. Sai yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya kammalawa ta miƙe tsaye a gaban aji, ta ce kada a yi masa mummunar fahimta, kirki kawai ya yi mata kamar yadda yake yi wa kowa, ita ce dai take ganin girmansa. Ta faɗi haka tana da yaƙinin cewa daga ranar ba zai sake kula ta ba. Tun a babin farko ke nan, kuma mai kare wani a wurin ita ce.

Ban musanta cewa yaron ya buɗe ƙofa ba. Ranar da aka yi ƙuri'ar sauya wurin zama, kowa yana addu'ar kada ya faɗa kusa da ita, ana ta neman wanda za a yi musaya da shi. Kazehaya ya ɗauki teburinsa ya ajiye a gefenta. 'Yan ajinsu Ayane Yano da Chizuru Yoshida suka kawo nasu, Ryu Sanada ma ya zo. Sawako ta zauna a tsakiyarsu hawaye na zuba. Wannan alheri ne babba, kuma wanda yake da farin jini a aji ne kaɗai zai iya fara shi ba tare da ya rasa komai ba. Shiina ta san haka, ba ta ɓoye ba. Amma teburi a gefenka ba abota ba ne, kuma littafi na biyu gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya.

Ga yadda aka yi. Jita-jita ta bazu a makaranta cewa Chizuru tsohuwar 'yar daba ce, Ayane kuma mai bin maza ce, aka ce kuma daga bakin Sadako maganar ta fito. Sawako ba ta san da wannan ba. Abin da ta ji shi ne zama kusa da ita yana ɓata wa su Ayane da Kazehaya suna. Sai ta yi abin da duk yaron da ya daɗe a ware yake yi, ta janye jikinta don ta kare su. Su kuma 'yan matan biyu suka ga ta daina kula su, suka tambaye ta yadda ta ɗauke su, ta kasa ba da amsa, don a ranta ba ta kai matsayin da za ta kira su ƙawaye ba. Kowane ɓangare yana jin ciwo, kowane yana zaton ɗayan ne ya gaji. Kazehaya ya tare ta ya ce shi jita-jita ba ta dame shi ba, shi zai yanke wa kansa wanda zai yi hulɗa da shi. Iyakar abin da ya yi ke nan.

Sannan aka zo banɗakin 'yan mata. Sawako tana ciki ta ji wasu ɗalibai suna maimaita ƙagen da aka yi wa Ayane da Chizuru. Ta fito, jiki na rawa, ta ce su janye maganar. Suka yi mata dariya, suka ce ai ke kika faɗa. Suka ture ta, suka taru a kanta. Ba ta gudu ba, ba ta kuma kare kanta ba. Magana ɗaya take ta nanatawa, cewa ba su san mutanen nan biyu ba, su janye. Shiina ta zana ta a ƙasa, gashi a watse. Ayane da Chizuru suka iso suka ji da kunnensu, suka ce wa taron Sawako ba za ta taɓa faɗin irin wannan ba. Bayan an watse, ta faɗa musu cikin kuka cewa tana son ta zama ƙawarsu, suka nuna mata ai tuni sun zama, ita ce kaɗai ba ta sani ba. Kazehaya fa? Yana waje. Bai shiga ba, ba shi ya kashe wutar ba. Wurin da ya fi ko'ina sa masu karatu kuka a littafin nan, babu namiji ko ɗaya a cikin ɗakin.

Ina roƙon Malam ya dubi wannan da idon basira. Da Shiina tana son koya wa 'yan mata jiran mai ceto, ga dama ta samu wadda ba ta da na biyu: yarinya a ƙasa, an kewaye ta, jarumi yana bakin ƙofa. Marubuta da yawa da sun sa ya banko ƙofar. Ita ta bar shi a waje da gangan, ta ba yarinyar maganar, ta ba ƙawayen amsar.

Sai batun karin maganar. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin Shiina ma ta yarda, ko da ba ta taɓa jin ta ba. Abin da ya saɓa tsakanin Sawako da Kazehaya matsayi ne a idon aji: shi a sama, ita a ƙasa, shi ana rububinsa, ita ana gudunta. Halinsu kuwa kusan ɗaya ne. Dukansu ba su iya ƙarya ba, ba su iya zagaye-zagaye ba, ba sa jure ganin an ware wani, kuma dukansu masu taurin kai ne in sun ga abu daidai ne. 'Yan aji ne suka liƙa musu cewa su dare da rana ne, labarin kuma aikinsa shi ne ya ɓamɓare wannan laƙabi a hankali. Haka ƙawayen. Ayane mai kwalliya ce da ake ɗauka ta gama wayewa, ashe yarinya ce da ba ta taɓa son kowa da gaske ba, tana kuma raina kanta a kan haka. Chizuru mai faɗa ce da hayaniya, ashe ita ta fi kowa saurin kuka. Su ukun duk mutane ne da aka yanke wa hukunci daga kallo ɗaya, abin da ya haɗa su ke nan.

Shi ma yaron ba waliyyin da Malam ya siffanta ba ne. Sawako ce take kallon sa haka da farko, kuma wannan kallo ne ya zama babbar matsalarsu. Kazehaya yana da kishi, yana da saurin fushi, yana da son kai, shi da kansa yake faɗa. Ranar wasanni da ya ga Sawako tare da Ryu, amininsa, sai ya kama hannunta ya janye ta ba tare da ya yi tunani ba. A gida kuma yana fama da uba mai tsanani, mai shagon kayan wasanni, wanda ba su iya zama su fahimci juna ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yarinyar da yake so ta ɗora shi a sama can, tana gode masa kamar wanda ya yi mata sadaka. In ya nuna mata kulawa, sai ta ce ai haka yake yi wa kowa. Littafin yana nuna ƙarara cewa muddin tana ganin sa mai ceto, babu soyayyar da za ta yiwu a tsakaninsu. Wato ainihin abin da Malam yake zargin littafin da koyarwa, shi littafin yake ɗauka a matsayin cutar da sai an warke daga gare ta.

Wannan ce kuma amsar ƙorafin Malam na cewa labarin yana jan ƙafa. Gaskiya ne sai wajen littafi na 10, a shekararsu ta biyu, suka fahimci juna. A Japan ranar 14 ga Fabrairu 'yan mata ne suke ba da cakulan, akwai na ladabi da ake raba wa abokai, akwai na wanda ake so. Sawako ta raba wa kowa nasa, ta kasa ba Kazehaya, don ta gane cewa nasa ba na ladabi ba ne, kuma tana jin ba ta da hurumin ba shi ɗayan. Shi kuma ya ga kowa ya samu ban da shi. Daga nan aka yi watanni ana kewaye juna, har aka kai inda kowannensu ya furta so, kowannensu kuma ya tafi yana zaton an ƙi shi. Na san masu karatu da yawa sun ƙosa a nan. Amma yarinyar da ta yi shekaru ana gudun ta ba za ta yarda cikin sati biyu cewa ana son ta ba, kuma marubucin da ya sa ta yarda da wuri shi ne mai sayar da mafarki. Wadda ta farkar da ita Chizuru ce, da ta fusata ta tambaye ta har yaushe za ta ci gaba da ƙasƙantar da kanta, alhali su da suke ƙawayenta ba su taɓa ganin ta ƙasa da su ba. Bayan haka Sawako ce ta ruga ta same shi a aji, ana tsakiyar shirin bikin makaranta, ta faɗi abin da ke ranta da bakinta.

Akwai kuma Kurumi, wadda Malam ya ambata a layi ɗaya a matsayin muguwar labarin. Ume Kurumizawa ce ta baza jita-jitar nan, don tun ƙaramar sakandare take son Kazehaya. Ta zo wa Sawako da fuskar ƙawance, ta nemi ta taimaka mata a kansa. Sawako, wadda ba ta taɓa cewa a'a ga kowa ba, ta ce ba za ta iya ba, domin ita ma yana da wani matsayi a ranta. Da asirin Kurumi ya tonu, Sawako ba ta kai ƙararta wurin yaron ba. Kurumi ta je da ƙafarta ta faɗa masa tana son sa, ya ba ta haƙuri, ta sha kukanta. Shiina ba ta jefar da ita daga labarin ba, ba ta kuma wanke ta da wuri ba. Ta bar ta tana ɗauke da nauyin abin da ta yi har shekarar ƙarshe, lokacin da ta nemi gafara, suka zauna suna karatun jarrabawar shiga jami'a tare. Ban san labaran soyayya da yawa da suka ba abokiyar takara irin wannan mutunci ba.

Ƙarshen labarin ma yana da abin cewa. Tun daga littafin rubutu da Sawako ta tsara wa Chizuru don jarrabawa, 'yan aji suka fara zuwa tana yi musu bitar darasi, a nan ta gano tana son koyarwa. Da lokacin zaɓen jami'a ya zo, ga ta kusa da gida inda Kazehaya zai shiga, ga ta horar da malamai a birnin Sapporo, nesa da shi. Sun yi saɓani a kai, saɓani na gaske. Ta zaɓi Sapporo, ita da Kurumi. Ayane ta tafi Tokyo. Chizuru ta zauna a garinsu, a shagon taliyar mahaifin Ryu, shi kuma Ryu ya bi ƙwallon besbol ɗinsa. A mujallar da Kotoko ta bi namiji har cikin asibiti, a nan Sawako ta bar saurayi a gida ta tafi neman aikin da take so.

Kuma ba Shiina kaɗai ba ce, don Malam ya ce duk nau'in haka yake. A Horimiya, wanda Daisuke Hagiwara ta zana daga labarin HERO tsakanin 2011 da 2021, yarinyar ce mai farin jini, yaron ne a ware. Hori a gida ita ke girki da renon ƙaninta, Miyamura mai shiru kuma yana ɓoye hujin kunne da zanen jiki waɗanda suka samo asali daga kaɗaicin da ya sha. A Seihantai na Kimi to Boku na Kocha Agasawa, wanda ya fita daga 2022 zuwa 2024, Suzuki mai surutu da dariya ita ce take rayuwa cikin tsoron abin da mutane za su ce, Tani mai shiru kuma shi ne ba ya shakkar faɗin ra'ayinsa, har ita take sha'awar ta zama kamar sa. Wa ya ceci wa a nan? Marubutan nan suna farawa ne da saɓanin da ido yake gani don su nuna cewa ido ya yi kuskure.

Na fahimci inda kunnen Malam ya saba. A labaran soyayya da muka tashi da su, shingen yakan zo ne daga waje. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka, dangi da dukiya ne suka tsaya a tsakani. Finafinan Indiya da muka sha kallo ma haka suke. Wanda ya zo da wannan ma'auni zai duba Kimi ni Todoke ya ga babu uban da ya hana, babu attajirin da ya shigo da kuɗi, sai ya ce to ina labarin? Labarin yana cikin abin da mutum ya kasa faɗa, da abin da aka ɗauka ya faɗa. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai yaran da ake cewa suna da girman kai alhali kunya ce take cin su, akwai waɗanda aka laƙaba wa maita ko aljanu saboda kawai ba su da surutu.

Inda Malam yake da gaskiyar da ba zan taɓa ba shi ne batun al'ada. Littafin na Japan ne, don matasan Japan aka rubuta shi. Akwai fita tsakanin saurayi da budurwa 'yan makaranta, akwai riƙe hannu da sumba, akwai bikin Kirsimeti da ziyarar wurin bauta na Shinto a daren sabuwar shekara. Uba ko uwar da suka ce ba su yarda ɗansu ya karanta ba, hakkinsu ne, kuma ya kamata duk mai ba da shawarar littafin ya faɗi waɗannan abubuwa a fili. Sai dai a faɗi kuma cewa Kazehaya ya tsaya a gaban mahaifin Sawako ya gabatar da kansa bai ɓoye komai ba, kuma da Ayane ta furta wa malaminsu Arai, wanda suke kira Pin, cewa tana son sa, bai karɓa ba, ya tsaya a matsayinsa na malami. Wanda zai ƙi littafin saboda addininsa da tarbiyyar gidansa ya ƙi shi da wannan dalili, dalili ne mai ƙarfi da ba ya buƙatar a ƙara masa laifin da littafin bai yi ba.

Akwai rauni na gaske a Kimi ni Todoke, kuma na yi mamakin yadda Malam ya wuce shi. 'Yan ajin Sawako matsorata ne, ba mugaye ba. Da zarar sun gane kuskurensu sai su sauko, har su mayar da ita mai kawo sa'a. Shiina ta gina duniyar da kusan kowace ƙiyayya rashin fahimta ce, wadda magana ɗaya ta gaskiya za ta warware. A makarantun Japan na zahiri abin ya fi haka muni. A watan Oktoba na 2011, ana tsakiyar buga wannan labari, wani yaro ɗan shekara 13 a birnin Otsu na jihar Shiga ya kashe kansa bayan cin zalin da 'yan makarantarsu suka daɗe suna yi masa. Da maganar ta fito fili a 2012, aka zargi makarantar da hukumar ilimi ta birnin da ɓoye abin da ɗalibai suka shaida, ƙasar ta ɗauki zafi, har majalisar dokoki ta kafa dokar hana cin zali a makarantu a 2013. Waɗanda suka addabi yaron nan sun san shi sarai, ba wani rashin fahimta a ciki. Ɗalibin da yake cikin irin wannan hali, in ya karanta labarin Sawako, zai iya ɗauka cewa laifinsa ne da bai iya bayyana kansa ba, alhali abin da yake buƙata shi ne babban mutum ya shigo ya tsawatar, makaranta kuma ta ɗauki mataki. A littafi 30 ɗin nan, ba a taɓa nuna makaranta ta zauna a kan shekarun da Sawako ta yi ana gudun ta ba, kuma babu malamin da aka tambaya ina yake lokacin da ake yi.